Shekarar da Na Cire wa Goɗiyata Takalmi

Tun ban kai tsayin likkafa ba nake bin dawaki. Mahaifina ba shi da doki, ba shi kuma da halin saye, amma ya lura da inda zuciyata ta karkata. Sai ya kama hannuna ya kai ni wurin wani mai barga da ke horar da dawakin gasa, ya ce masa ga yaro nan, in yana da amfani a koya masa. Da shara na fara, da ɗiban ruwa, da kwashe kashi. Na daɗe a haka kafin a bar ni in riƙe ragama, na ƙara daɗewa kafin a bar ni in hau. Mutumin nan shi ya rene ni a harkar, har yau Maigida nake ce masa, kuma saɓanin da zan ba da labarinsa bai goge ko ɗaya daga cikin alherinsa ba.

Gasar da bargarmu ta sa a gaba ita ce mai matakai uku, inda doki ɗaya da mahayi ɗaya suke fuskantar gwaji iri uku. Akwai gwajin ladabi a cikin ƙaramin fili, alƙalai suna duba yadda doki ke bin umarni a tafiya da sassarfa da ƙaramar sukuwa. Akwai gudun daji, wanda shi ne zuciyar gasar: doki ya yi ta sukuwa a sarari yana tsallake gungumen itace da rami da tudu, yana faɗawa ruwa yana fita. Sai tsallen sanduna, waɗanda da an taɓa su suke faɗuwa, kowace sanda da ta faɗi tarar maki huɗu ce. Asalinta gwajin dokin soja ne, kuma tana cikin wasannin Olamfik tun 1912. A manyan gasanni irin na Badminton da Burghley a Ingila, doki yana gudun fiye da kilomita shida da saurin mita 570 a minti ɗaya, yana tsallake abubuwan da ba sa motsi masu tsayin mita 1.20.

A irin wannan harka ba wanda yake tambayar ko za a sa wa doki takalmin ƙarfe. Dole ce da aka gada. Dalilin ma ba kare kofato kaɗai ba ne. A jikin takalmin ana huda ramuka, ranar gasa a murɗa 'yan haƙoran ƙarfe a ciki don su kama ƙasa kada doki ya zame. Idan an yi ruwa a sa dogaye, idan ƙasa ta bushe a sa gajeru masu tsini. Na yi shekaru ina durƙushe da sifana a hannu, ƙafar doki a kan cinyata, ina sakace ƙasa daga ramukan nan. Dokin da ba shi da takalmi ba shi da inda za a murɗa masa haƙori. Shi ke nan magana ta ƙare, a wurinmu.

Da na tara ɗan abin da na tara, sai na sayi goɗiya ta kaina. Tsohuwar 'yar tsere ce da aka sallama saboda ba ta ci. Ba ta da girma sosai, amma tana da zuciya. Ranar da na fara nuna mata rami, ta kalle shi sau ɗaya ta haye, ta ɗaga kunne tana neman na gaba. Duk wanda ya taɓa hawan doki irin wannan ya san abin da nake nufi, ba ya misaltuwa. Na ɗora mata duk burina. Muka fara daga ƙananan matakai muna hawa, mutane suka fara sanin sunana ta dalilinta.

Ƙafafunta ne matsalar tun farko. Bangon kofatonta siriri ne, tafin a baje, dunduniyar ta kwanta ƙasa. Da mun shiga laka sai ta taka takalmin gaba da ƙafar baya ta fizge shi, kuma ba ya fita shi kaɗai, sai ya tafi da ɓallin kofato. A mayar, a sake buga ƙusa kusa da tsohon rami. Bayan wani lokaci idan ka ɗaga ƙafar ka duba, ramukan ƙusa ne jere, na da da na yanzu, gefen ya ruɓe yana marmashewa a yatsa. Tsohon da ke mana takalmi, wanda muke kira Baba, yakan juya ƙafar a hannunsa ya yi shiru, sannan ya nemo wurin da zai iya buga ƙusa ɗaya.

Sannu a hankali tafiyarta ta canja. Takunta ya gajarce. Ta fara tuntuɓe a wurin da babu abin tuntuɓe. Idan za mu gangara tudu sai ta yi ta noƙewa, idan tana tsaye a barga sai ta miƙe ƙafa ɗaya gaba tana sauƙaƙa wa dunduniya. Rannan a gasa, a gaban wani gungume da ta saba hayewa ido rufe, ta tsaya cik. Maki ashirin ne tarar ƙin tsalle, amma ba makin ne ya dame ni ba. Na san ba tsoron gungumen take ba, saukar take tsoro.

Likitan dabbobi ya zo, ya yi mata allurar kashe zafi a jijiyar dunduniya, aka sa ta sassarfa. Ɗingishin ya ɓace, ya koma ɗaya ƙafar, alamar duka biyun suna ciwo. Hoton ƙashi ya nuna canji a ɗan ƙaramin ƙashin nan da ke bayan ƙashin kofato, wanda likitoci ke kira nabikula. Ya jera mini hanyoyi: takalmi na musamman mai ɗaga dunduniya, allura a cikin gaɓa, in duk sun gaza a yanke jijiyar da ke kai saƙon zafi. Ya kuma gaya mini gaskiya cewa dokin da aka yanke wa jijiya, dokokin hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, ba su yarda ya shiga gasa ba, haka ma dokin da ke ɗauke da maganin kashe zafi a jininsa. Na yarda da wannan doka har zuciyata. Dokin da ba ya jin ƙafarsa bai kamata ya doshi katako da gudu ba.

Muka gwada takalmin na musamman. Ta ji sauƙi, na yi murna, sai ciwon ya dawo. Aka canja wani, haka. Kuɗina suka tafi, kakar gasa ta wuce ina kallon abokaina suna loda dawakinsu a mota da asuba ni ina share barga. Maigida ya kira ni ya ce, "Ka haƙura da goɗiyar nan. A sa ta haihuwa, ko ka ba wanda zai riƙa kilisa da ita. Akwai dokin da zan ba ka ka hau." Magana ce ta mai son ka da alheri. Na ce masa, "Maigida, ku ƙara mini lokaci." Ya ce lokaci ba ya warkar da ƙashi.

Baba ne ya kawo maganar cire takalmin, kuma ba don wata aƙida ba. Ya ɗaga ƙafar hagu ya ce, "Ɗana, babu sauran inda zan buga ƙusa a nan. Ko ka so ko ka ƙi sai ƙafar nan ta huta." Ya ce mu cire duka huɗun, mu bar kofaton ya fito sabo tun daga sama, in ya so daga baya a mayar. Na tambaye shi tsawon wane lokaci. Ya nuna mini da farcensa: kofato yana tsirowa daga bakin gashi zuwa ƙasa, milimita shida zuwa goma a wata, don haka kafin sabon kofato ya sauko gaba ɗaya sai an yi wata tara zuwa shekara. Shekara guda a rayuwar dokin gasa ba ƙaramin abu ba ne.

Maigida bai yarda a ajiye dokin da ba ya aiki a bargar gasa ba, kuma yana da hujja, ɗakin na masu biya ne. Muka yi musayar magana da ba mu taɓa yi ba. Na kwashe ta na kai ta wani fili da na samu haya, nesa da kowa, na kuma bar aikin bargar. Mutumin da nake gani kullum tun ina yaro, sai ga shi muna haɗuwa a hanya mu gaisa a tsaitsaye. Wannan ya fi ciwon goɗiyar yi mini zafi, ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu.

Makonnin farko sun yi muni. A kan ciyawa tana tafiya lafiya, amma da ta taka tsakuwa sai ta ɗage ƙafa kamar ta taka garwashi. Gefen kofaton da ƙusa ta huda ya yi ta ɓarewa. Sannan wata safiya na iske ta a tsaye kan ƙafa uku, gumi ya jiƙe wuyanta, ba ta yarda ta dafa ta huɗun ba ko kaɗan. Na taɓa kofaton na ji shi da zafi, jijiyar bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi. Hankalina ya tashi, na ɗauka karaya ce. Likita ya zo ya matsa tafin da awartaki wuri-wuri har ta zabura, ya fere wurin da wuƙa, baƙar mugunya mai wari ta fito. Ƙurji ne a cikin kofato. Kafin ya gama naɗe ƙafar ta fara dafawa.

Daren nan ban yi barci ba. Tambayar da ta hana ni sakat ita ce: don ita nake wannan, ko don kada a ce Maigida ya fi ni gaskiya? Dabba ba ta da bakin da za ta ce ka isa haka. Na kira Baba da sassafe na ce masa a mayar da takalmin. Ya ce, "A kan me zan buga? Ka saya mata takalmin roba mai maɗauri, ka sa mata shimfiɗa mai taushi a ciki. Kada ka bar ta ta yi tafiya cikin ciwo ko taku ɗaya. Amma dole ta yi tafiya." Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace amfani a duk tsawon wahalar. Masu cewa a bar doki ya sha wuya har ƙafarsa ta saba, ban yarda da su ba. Dokin da ke jin zafi yana taka ƙasa da kan yatsa don ya kare dunduniya, kuma wannan takun ne yake ƙara lalata abin da ake son gyarawa.

Daga nan rayuwata ta koma tafiyar ƙasa. Ina gaba tana baya, ragama a hannuna, da takalmin roba a kan hanya mai duwatsu, ba takalmi a kan kwalta mai santsi da yashi. Na rage mata hatsi da duk abinci mai zaƙi, na hana ta ɗanyar ciyawa sabuwar tsirowa, domin sukarin da ke cikinta yana raunana abin da ke riƙe bangon kofato da ƙashi. Likita ya ƙara mata sinadaran zinki da tagulla a abinci. Baba yana zuwa duk mako huɗu ko biyar da magagari, ba ya yanka da yawa, sai ya rage tsawon gaba ya zagaye gefen don kada ya tsage, ya bar tafin yadda yake. Tsokar nan mai kusurwa uku da ke tsakiyar tafin, wadda a da ta ƙanƙance ta tsage tana wari, na riƙa wanke ta ina sa magani har ta fara cika.

Abin da ya riƙe ni shi ne wani layi. Bayan 'yan watanni, ƙasa da bakin gashi, sai ga zobe ya fito kewaye da kofaton. Abin da ke samansa sabo ne, sumul, a tsaye, a matse. Abin da ke ƙasansa tsohon ne, a baje. Kofato biyu a ƙafa ɗaya. Kowane mako nakan durƙusa in auna da yatsa in ga ya sauko. Na fara ɗaukar tafiyarta da waya ina rage saurin hoton, ina kallon yadda ƙafar ke sauka. Ranar da na ga dunduniya ta riga yatsa taɓa ƙasa, na zauna a bakin hanya na yi ta hamdala, hawaye na zuba, ita kuwa tana ta fizgar ciyawa abinta.

A cikin wannan hali aka yi wasannin Olamfik na Tokiyo a 2021. Ƙungiyar Suwidin ta ci zinare a tsallen sanduna, kuma biyu daga cikin dawakinta uku ba su da takalmi: All In na Peder Fredricson, wanda ya kuma ci azurfa a gasar ɗaiɗaiku, da King Edward na Henrik von Eckermann, wanda ya zama zakaran duniya a shekarar da ta biyo baya. Na ji kamar an sauke mini kaya. Na kasa daurewa, na aika wa Maigida saƙo, karo na farko tun rabuwarmu. Amsarsa gajera ce: "Wannan a kan yashin da aka gyara ne. Ka tambaye su ko za su gangara tudun ciyawa bayan ruwan sama." Na ji haushi a lokacin. Amma gaskiya ya faɗa, kuma duk mai son bin wannan hanya a gasarmu ya kamata ya ji ta kafin ya ji labarin zinaren.

Da kofaton ya gama saukowa, ɗingishin ya tafi. Hoton ƙashi bai canja ba, likita ya nuna mini, ƙashin yana nan yadda yake. Abin da ya canja shi ne naman da ke kewaye da shi da yadda take taka ƙasa. Baba ya ce yanzu akwai wurin ƙusa, in ina so. Na duba ƙafafun nan, na tuna yadda suke a da, na ce a bar ta haka tukuna.

Muka koma gasa daga ƙasa, tsalle mai tsayin santimita 90, gudun mita 450 a minti. A gwajin ladabi ba a yarda da takalmin roba ba, don haka da ƙafarta ta shiga, kuma takunta ya fi na da tsawo da sakewa. A tsallen sanduna kan yashi ba ta da wata matsala. Gudun daji ne makarantar. Na koyi cewa a ciyawa mai ɗan danshi da ƙafa ke nutsewa kaɗan, tana riƙe ƙasa sosai, har a laka ma ba laifi, kuma babu sauran fargabar fizge takalmi. Abokin gaba shi ne busasshiyar ƙasa mai tauri da gajeriyar ciyawa, musamman idan yayyafi ya jiƙa samanta kawai. A nan kofato ba ya samun abin kamawa. Zagayen da nake yi da ƙafa kafin gasa ya canja gaba ɗaya. A da tsallen nake kallo. Yanzu ƙasar nake kallo: ina danna dunduniyar takalmina a gaban kowane tsalle da bayansa, ina duba kwana, ina duba inda aka zuba tsakuwa a mashigar ruwa. Ina buɗe kwana da faɗi, ina rage gudu tun da nisa, ina barin ta ta daidaita kanta. Kowace daƙiƙa da ka wuce lokacin da aka yanka tarar maki 0.4 ce, kuma na sha kwasar su. Ina ganin waɗanda ba su kai ta iya tsalle ba suna wuce mu a jadawali.

Ranar da ta fi yi mini wuya ita ce wadda muke kan gaba bayan gwajin ladabi da tsallen sanduna, abin da ban taɓa samu ba a rayuwata. An daɗe ba a yi ruwa ba, sai ga yayyafi ana saura kaɗan a kira mu. Na je na tsaya a wata gangara da ke da tsalle a ƙarshenta, na ga doki mai haƙoran ƙarfe ma ƙafar bayansa ta ɗan ja. Na dawo na same ta an ɗaura sirdi, tana rawar jiki, ta ji ƙarar lasifika ta san abin da ke tafe. Raina yana ce mini sau ɗaya ne, za ta iya. Mai yiwuwa ma da ta iya. Amma doki idan ya zame a gaban katakon da ba ya faɗuwa, ƙirjinsa ne ke bugawa ya kifa, kuma irin faɗuwar da ke kashe mahaya da dawaki ke nan a wannan wasa. Na je wurin masu rajista na ce mun janye. Ina kwance sirdin hannuna yana karkarwa.

Maigida yana wurin ran nan da dawakinsa. Ya zo ya tsaya, bai ce mini komai ba. Ya sunkuya ya ɗaga ƙafarta ta hagu, wadda ya sani a ruɓe, ya danna tafin da babban yatsa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ajiye ya ce, "Ƙafa ta yi kyau. Janyewar ma ta yi kyau." Daga ranar muka koma magana. Bai canja ra'ayinsa ba, dawakinsa duk da takalmi suke, ni ma ban nemi ya canja ba.

Mutane suna zuwa suna tambayata, wasu suna so in ce takalmin ƙarfe zalunci ne. Ba zan faɗa ba, don ban gan shi haka ba. Haƙoran ƙarfe suna da nasu illar, suna tsayar da ƙafa cak a lokacin da ya kamata ta ɗan zame ta rage ƙarfin saukar, gaɓoɓi da jijiyoyi su ɗauki sauran. Amma sun hana faɗuwa da yawa. Yanzu haka ina da doki na biyu, matashi, tafin kofatonsa siriri ne tun haihuwa. Na gwada shi ba takalmi yadda ya kamata, da abinci da tafiya da gyara, bai ji daɗi a kan ƙasa mai tauri ba. Na sa Baba ya yi masa takalmi. Yana shirin hawa matakin mita 1.10, inda gudun ya kai mita 520 a minti, kuma a wannan sauri ina so ya sami abin kama ƙasa. Idan kakar gasa ta ƙare nakan cire masa ya yi watanni yana hutawa, ramukan ƙusa su sauka su fita.

Goɗiyar kuwa ta manyanta. Ba ta kai inda na yi mata mafarki ba, ba za ta taɓa ganin Badminton ba sai dai ni in je kallo. Tana shiga gasa kaɗan a shekara, a filayen da na san ƙasarsu, kuma nakan biya kuɗin shiga ina sane cewa sararin sama na iya sa in juyo ba mu yi gudun ba. Na koma aiki a bargar Maigida rabin yini, ita ma ya ba ta ɗaki a can. Akwai wata yarinya da ke koyon hawa a wurinmu, na fara ɗora ta a kanta tana koyon ƙananan tsalle, kuma in Allah ya kai mu kaka mai zuwa ita za ta shiga da ita gasar santimita 80.